Harshe, Adabi, Fim, Falsafa ko Siyasa: A Ina Ɗalibin Hausa Zai Kafa Bincikensa?

Duk lokacin da jami'o'i suka fara sayar da fom na digiri na biyu, za ka ga waɗanda suka gama digirin farko a Hausa, ko Larabci, ko Tarihi, ko Aikin Jarida suna zarya a ofisoshin malamai da tambaya guda: a wane fage zan yi bincikena? Amsoshin da suke samu a bakin abokai gajeru ne. Wannan ya ce harshe lissafi ne, a guje shi. Wancan ya ce adabi ya fi saurin fita. Wani ya ce ai yanzu fim ake yayi. Falsafa da siyasa kuwa ba a cika ambatonsu ba, ana ganin na wasu sassa ne. Da irin wannan shawara mutum yake sa hannu a aikin da zai ci masa shekara biyu ko uku, wani lokaci fiye, idan yajin aiki ya gitta irin na 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas.

Ni a ganina sha'awa kaɗai ba ta isa ta zaɓar wa mutum fage ba. Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne kayan binciken da hannunka zai iya kaiwa gare su, da horon da ka riga ka samu kafin ka zo. Fagagen nan biyar suna iya haɗuwa a kan abu ɗaya, amma tambayar da kowanne yake yi daban ce, hujjar da yake karɓa ma daban ce.

Ɗauki littafin Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta, ya shigar da shi gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun wani Balarabe, aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Mai nazarin adabi zai tambayi me ya sa aka sa labarin a bakin dattijon malami yana ba almajiransa tarihinsa, kuma me wannan zubi ya aro daga hira da tatsuniya da littattafan Larabci. Mai nazarin harshe ba ruwansa da tausayin uwar. Shi Hausar zai duba: wace iri ce mutumin Bauci ya rubuta a lokacin da ake tsakiyar daidaita rubutun boko, ina karin garinsu ya leƙo, ina aka goge shi? Mai nazarin fim zai ajiye littafin ya nemi fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976, ya ga abin da kyamara ta nuna na ayari da hamada wanda alƙalami bai faɗa ba. (Fim ɗin ya daɗe ba a ganinsa, sai da aka gyara shi a Jamus aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018.) Mai falsafa zai tsaya kan yadda Umar ya karɓi duk abin da ya same shi a matsayin ƙaddara, ya tambaya ko miƙa wuya ga hukuncin Allah yana hana wanda aka zalunta neman hakkinsa. Mai siyasa kuwa zai lura cewa littafin ya fito shekara biyu kafin dokar 1936 da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa, kuma marubucinsa shi ne ya zo ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Kundi biyar ke nan daga ɗan littafin da ake karancewa a zama ɗaya, kuma wanda ya iya rubuta ɗaya ba lallai ne ya iya rubuta sauran ba.

Bari in fara da harshe, tunda da shi aka fi tsorata mutane. Gaskiya ne yana da dokoki, kuma ba ya karɓar "a ganina". Amma ƙarfinsa ke nan. Idan ka ce Basakkwace yana cewa zamna, sabka, abduga, Bakano kuma zauna, sauka, auduga, ba mai yi maka musu da ra'ayi, sai dai a je a saurara. Kuma bambancin ba kara zube yake ba: baƙin da ake furtawa da leɓɓa, idan ya zo ƙarshen gaɓa, a Hausar gabas yakan koma wasalin u. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana wannan tun ƙarshen shekarun 1920, har yau da sunansa ake kiran dokar. Haka F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai a 1960, ya nuna abin da ya haɗa saya da saye da sayar da sayo da sayu. Wanda yake jin daɗin gano doka a cikin maganar da yake yi tun yana yaro ba tare da ya san da ita ba, harshe ne fagensa.

Matsalar ita ce an riga an yi manyan ayyukan. Ƙamusun Bargery ya fito tun 1934, nahawun M. K. M. Galadanci a 1976, katafaren nahawun Paul Newman a 2000, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero kuma ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006. Ɗalibin da ya ce zai sake bayanin jam'i ko jinsi a daidaitacciyar Hausa, da wuya ya faɗi abin da ba a faɗa ba. Inda aiki yake jibge shi ne gefe. Akwai kare-karen harshe na Nijar, Arewancin Dogondutsi, Kurhwayancin Filinge, Adarancin Tawa, Damagaranci. Ayyukan da aka yi a kansu da dama da Faransanci suke, ɗaliban Nijeriya kaɗan ne suka karanta. Akwai Hausar zango a Kumasi da Akara, wadda ta sassauta bambancin namiji da mace. Akwai ta Sudan, ta jikokin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 da ta alhazan ƙasa da suka yada zango a hanya suka zauna. Sannan ga 'yan'uwan Hausa na dangin Cadi, harsuna fiye da ɗari, irin su Bolanci, Ngizim, Bade, Karekare, da Gwandara wanda ya fi kowa kusanci da Hausa. Da yawa daga cikinsu Hausar ce take cinye su, yara sun daina jin harshen kakanninsu. Wanda ya fito daga irin wannan gida, kuma har yanzu yana jin harshen, yana da abin da farfesan da zai duba shi ma ba shi da shi.

Aikin kansa ga yadda yake. Ka zauna da dattijo da rikoda, ka roƙe shi ya maimaita kalma sau uku, ka koma ka zuba muryar a manhajar Praat, wadda kyauta ce, ka ga layin karin sauti yana hawa yana sauka a allon kwamfuta, ka auna tsawon wasali. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka dole kunnenka ya sake koyon aiki. Hirar awa ɗaya tana iya cin kwanaki wajen rubutawa. Kuma sai Turancinka ya yi ƙarfi, domin kusan duk ra'o'in da shi aka rubuta su. Ladan wahalar shi ne, a cikin fagagen biyar wannan ne ƙofar aikinsa ta fi faɗi a wajen aji yanzu: masu ƙera manhajojin fassara da na gane murya suna neman wanda ya san Hausa da dalilanta, ba mai jin ta kawai ba.

Adabi ƙofarsa a buɗe take, shi ya sa cunkoso ya yi yawa. Malamanmu sun yi ƙoƙari sun shimfiɗa hanyar nazari da Hausa: Abdulƙadir Ɗangambo a rubutacciyar waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau a waƙar baka, Ibrahim Yaro Yahaya da tarihin rubuce-rubucen Hausa da ya fitar a 1988. Sun yi ne don ɗalibi ya samu inda zai taka ya hau, amma da yawa sun mayar da tsarin fom ɗin cikewa. Shiga ɗakin ajiye kundaye na kowane sashen Hausa ka karanta kanun: jigo da salo a waƙoƙin wane, jigo da salo a littattafan wance. Babi na biyu tarihin mawaƙi, an haife shi a gari kaza, ya yi karatun allo wurin malam kaza, yana da mata biyu. Babi na uku jigo da warwararsa. Babi na huɗu kamantawa da siffantawa da jinsintarwa, kowanne da misali uku. Ka cire sunan mawaƙin ka sa na wani, kundin bai canja ba. Idan abin da kake so ke nan, za ka fita da wuri, amma ba mai sake buɗe aikinka.

Nazarin adabi mai rai yana farawa ne daga inda aka yi jayayya. A shekarun 1990 an tafka muhawara a jaridu kan littattafan soyayya na Kano. Ibrahim Malumfashi yana ganin adabin kasuwa ne wanda ba zai daɗe ba, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suna kare su, suna cewa sun sa mata da matasa karatu kuma suna faɗin abin da ke damun gidajen aure. Muhawarar nan ba ta mutu ba, wuri ta sake. Yau labaran suna Wattpad da zaurukan WhatsApp, wasu sai an biya kafin a sa mutum a zauren, ana karanta su da murya a YouTube, ga kuma gasar Hikayata ta BBC tun 2016. Marubuciya takan sauya akalar labari saboda sharhin da masu karatu suka yi mata daren jiya, ta raya wanda ta yi niyyar kashewa. Tsarin jigo da salo bai tanadar wa wannan gurbi ba, sai wani ya zo ya yi masa.

Ɗaya ɓangaren da aka bari shi ne na baya can. Waƙoƙin ƙarni na 19, na su Nana Asma'u da malaman da suka biyo baya, da ajami aka rubuta su, a kan ma'aunan arulin Larabci. Akwai takardu a Gidan Arewa a Kaduna, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ban da waɗanda ke cikin gafakar malamai a gidaje. Kwafi biyu na waƙa ɗaya sukan saɓa: wannan mai kwafa ya tsallake ɗango, wancan ya gyara kalmar da bai gane ba. Tantance wanne ya fi kusa da asali aiki ne mai cin lokaci, kuma sai wanda ya yi karatun allo da na zaure yake iya warware rubutun. Abin mamaki, ɗaliban da suke da wannan horon sukan ɓoye shi, su tafi nazarin waƙar da aka saki bara. Idan ka iya ajami da aruli, kada ka bar wurin nan. Masu gogayya da kai 'yan kaɗan ne.

Fim shi ne mai jan ido. Tarihinsa a bayyane yake: majigin Turawan mulkin mallaka, gidajen silima na Kano tun daga Rex a 1937, fina-finan Indiya da Kwarori suka riƙa kawowa, sai Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai Hukumar Tace Fina-finai ta Kano a 2001, da tsanantawar da ta biyo bayan rikicin 2007 kan bidiyon batsa na wata 'yar fim da ya bazu. Manazarta ma sun yi aiki mai nauyi. Brian Larkin ya nuna dalilin da ya sa Bahaushe ya fi ganin kansa a fim ɗin Indiya a kan na Amurka: auren dole, kunya, biyayya ga iyaye. Abdalla Uba Adamu ya bi sawun yadda ake ɗauko labari da kiɗa daga waje a mayar da su na gida. Carmen McCain ta rubuta kan takun-saƙar 'yan fim da masu tacewa.

To amma kafin ka zaɓe shi, tambayi kanka: fim zan nazarta ko labarin fim? Kundaye da yawa a sassan Hausa suna kwafe maganganun 'yan wasa a takarda, su tsamo karin magana da al'adun aure, su ce sun yi nazarin fim. Wannan nazarin adabi ne aka canja wa suna. Nazarin fim yana tambayar inda aka ajiye kyamara lokacin da uwar miji ta shigo falo, me ya sa aka yanka daga fuskarta zuwa hannun amarya, me ya sa waƙa ta shigo a minti na ashirin ba na goma ba, wa ya zuba kuɗin, wa aka yi niyyar sayar wa. Wannan horon an fi samunsa a sassan Aikin Jarida da na Wasan Kwaikwayo, da makarantar koyon fim ta ƙasa da ke Jos.

Babbar matsalar kuwa ita ce samun fina-finan. Na shekarun 1990 da farkon 2000 a kaset na bidiyo suka fita, daga baya faifan CD. Zafi da ƙura sun lalata da yawa, kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai ta mutu, furodusa da kansa sau da yawa ba shi da kwafin fim ɗinsa. Abin da ke YouTube an yanke, an liƙa talla, babu shekara babu sunayen ma'aikata, gobe kuma ana iya sauke shi. Wanda zai yi aiki kan tsofaffin fina-finai ya tabbata ya tara su a hannunsa, ya kalla, kafin ya miƙa take. Masu dogon zango na yanzu, na Arewa24 da ta fara a 2014 da na tashoshin YouTube, sun fi sauƙin samu, amma tsawonsu kaɗai ya isa ya cinye maka shekara, dole ka iyakance. Sannan 'yan fim sun gaji da masu zuwa da tambayar ko suna ɓata tarbiyya. Idan da wannan tambayar za ka je, ka riga ka rubuta babin kammalawa tun kafin ka fita gida, su ma sun sani, kuma amsar da za su ba ka a haddace take.

Falsafa ita ce na fi jin nauyin ba mutum shawara a kanta, ita ce kuma na fi so a samu masu yi. Sassanta kaɗan ne a jami'o'in Arewa idan aka kwatanta da Kudu, kuma jin sunanta ma yakan sa wasu malaman addini ɗaure fuska, tun daga martanin da Imam Gazali ya yi wa masu ita. Abin da aka saba yi a sashen Hausa shi ne a tara karin magana a kira su falsafar Bahaushe. Anthony Kirk-Greene ya yi makamancin haka da kyau a 1974, inda ya jero halayen mutumin kirki, su gaskiya, amana, haƙuri, kunya, mutunci da adalci. Amma Paulin Hountondji na Jamhuriyar Benin ya daɗe da sukar wannan hanya a raddinsa ga littafin Placide Tempels na 1945 kan falsafar Bantu. A wurinsa al'umma ba ta yin falsafa a dunƙule. Mutum ne yake kafa hujja, wani ya zo ya rushe ta. Ina ganin yana da gaskiya, domin bakin da ya ce zafin nema ba ya kawo samu, shi ne ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Wanne ne falsafar Bahaushe a ciki? Aikin mai falsafa daga wannan saɓanin yake farawa, ba daga jerawa ba.

Alhali kuwa muna da masu kafa hujja da sunayensu da littattafansu. Duk wanda ya karanta tauhidin Sanusi a zaure ya san rabon hukuncin hankali zuwa wajibi da mustahili da ja'izi, wanda ya yi nisa kuma ya karanta mantiƙi a Sullam, na mai Ahalari. Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, ya rasu a 1864, ya bar rubuce-rubuce kan samuwa da ruhi da hanyoyin sani, kuma sai a 'yan shekarun nan manazarta suka fara ba shi hakkinsa. Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan lissafin hatimi. Sharaɗin shiga nan ɗaya ne, babu sassauci: Larabci mai ƙarfi, irin na karanta matani ba wasali. Wanda ba shi da shi ya haƙura da wannan ɓangaren.

Siyasa kowa yana ganin ya iya, tunda kowa yana yin ta a majalisa da teburin mai shayi. A jami'a kuwa gadon da za ka tarar mai nauyi ne. Akwai abin da Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello kan mulki. Akwai M. G. Smith kan sarautar Zazzau a 1960, Murray Last kan Daular Sakkwato a 1967, John Paden kan ɗariƙu da siyasar Kano a 1973, sannan Yusufu Bala Usman da ya ƙi yarda a fassara tarihinmu da ƙabila, ya ce a duba ƙasa da haraji da wanda ke cin gajiya. William Miles ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta a ƙasar Daura, Yardaji a Nijeriya da Yekuwa a Nijar, ya nuna a 1994 yadda mulkin Ingila da na Faransa suka raba mutane masu harshe ɗaya. Irin wannan kwatanci da sauran aiki, balle bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya.

Raunin kundayen siyasa na yanzu shi ne takardar tambayoyi: a raba 'yan ɗaruruwa, a dawo da kaso cikin ɗari, a ce an gano talauci ne ke jawo sayar da ƙuri'a. Mai jin Hausa yana da abin da ya fi wannan. Yana jin waƙoƙin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, da martanin 'yan NPC. Yana gane habaicin mawaƙan jam'iyyu na yau, yana sanin wanda sojojin baka suke nufi a rediyon Kano idan sun ƙi kama suna. Takardun Gidan Mambayya da na ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna suna nan suna jira. Sai dai a yi hattara da abin da bai huce ba. Rikicin masarautar Kano, daga raba ta a 2019 zuwa soke dokar a 2024, take ne mai daɗi, amma waɗanda suka san ciki ba za su yi magana a rikoda ba, mai duba aikinka ma wataƙila yana da ɓangarensa, kuma kafin ka kare kundin labari ya sake.

Akwai kuma batun harshen da za ka rubuta kundin da shi. A sashen Hausa kana iya rubutawa da Hausa, kuma wannan ne ya gina mana kalmomin nazarin da muke tutiya da su, amma masu karanta ka za su taƙaita ga masu jin Hausa. A sassan Siyasa, Falsafa da Aikin Jarida da Turanci za ka rubuta, a Nijar da Faransanci. Wanda ke hangen digiri na uku a Jamus ko Ingila ko Amurka ya shirya fitar da maƙala ko da ɗaya ce da Turanci.

Idan aka matsa mini in raba, mai kunne da haƙurin maimaita abu, musamman wanda ya tashi da karin harshen da ba na Kano ba ko da wani harshen Cadi, ya tafi harshe. Almajirin da ya iya ajami ya tafi tsohuwar waƙa, idan Larabcinsa ya kai kuwa falsafa ta fi buƙatarsa. Wadda take cikin zaurukan marubuta na intanet, ta san su sun san ta, adabin yanzu nata ne, namiji ba zai samu shigar da za ta samu ba. Fim sai wanda ya taɓa riƙe kyamara ko ya zauna kusa da edita, kuma fina-finan suna hannunsa. Siyasa ta fi dacewa da mai jure zaman ɗakin takardu, wanda zai iya sauraron ɓangaren da ba ya so har ƙarshe. Haɗa fage biyu yana yiwuwa, mai nazarin waƙar siyasa ma dole ya haɗa, amma a digiri na biyu ɗaya ne zai riƙe ragama, domin masu jarraba ka da ma'aunin sashensu za su auna ka.

Kafin ka biya kuɗin fom, je sashen ka nemi jerin malaman da ke duba ɗalibai a fagen, ka karanta maƙala biyu na wanda kake so ya duba ka, a mujallu irin su Harsunan Nijeriya ko Algaita. Tambayi ɗalibansa na yanzu wata nawa babi yake yi a teburinsa kafin ya dawo. Idan fagen da kake so malami ɗaya ne tak yake riƙe da shi a sashen, kuma ya kusa ritaya ko yana shirin tafiya wata jami'a aikin shekara, nemi wata makarantar ko ka ɗauki zaɓinka na biyu.